Sifilin da Ya Tsayar da Jirgin Yaƙi: Darasi kan Amincin Na'ura da Tsaron Kwamfuta a Teku

Gabatarwa

Ranar 21 ga Satumba, 1997, wani jirgin ruwan yaƙi na ƙasar Amurka mai suna Yorktown yana cikin atisaye a Tekun Atalantika, daura da gaɓar jihar Bajiniya, sai injunansa suka tsaya cik. Jirgi ne mai tsawon mita 173 da nauyin tan wajen 9,600, ɗauke da makamai masu linzami da na'urorin hango abokan gaba waɗanda suke cikin mafi inganci a wancan zamani. Babu wanda ya harbe shi, bai yi karo da dutse ba, mai kuma bai ƙare masa ba. Abin da ya auku shi ne, wani ma'aikacin jirgin ya shigar da sifili a wani gurbi na rumbun bayanan kwamfuta. Bisa bayanin rundunar sojan ruwan Amurka, sai da jirgin ya yi awa 2 da minti 45 bisa ruwa ba ya iya motsi kafin a sake ta da injunan.

A lokacin zaman lafiya, wannan abin kunya ne kawai. A fagen daga kuwa, jirgin da ya kasa motsi na minti goma ya zama abin bara ga kowane makami, tare da ɗaruruwan mutanen da suke cikinsa. Saboda haka ne injiniyoyin jiragen ruwa suke da fanni na musamman da yake nazarin dalilan tsayawar na'ura da hanyoyin hana ta. Wannan maƙala za ta bayyana tushen wannan fanni da lissafi mai sauƙi wanda ɗalibin sakandare zai iya bi, sa'an nan ta nuna cewa tambayar da injiniya yake yi domin kare jirgi daga lalacewa ita ce dai tambayar da ake yi domin kare shi daga masu kutse cikin kwamfuta, wato: idan wannan sashe ya mutu, mene ne zai mutu tare da shi?

Ma'anar amincin na'ura

A Hausa, amintaccen mutum shi ne wanda idan aka ba shi amana ba ya ci. Injiniyoyi sun ɗauki wannan ma'ana suka mayar da ita lissafi. A wurinsu, amincin na'ura shi ne yiwuwar ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa, cikin yanayin da aka ƙayyade, har tsawon lokacin da aka ƙayyade, ba tare da ta tsaya ba. Ana rubuta shi da lamba tsakanin 0 da 1. Alal misali, a ƙaddara an gwada famfunan mai guda 1,000, kowane ya yi aiki na awa 500, aka tarar 990 sun kai ƙarshe lafiya. Amincin irin wannan famfo a awa 500 shi ne 990 a raba da 1,000, wato 0.99, ko kashi 99 cikin 100.

Ya kamata mai karatu ya lura da sharuɗɗa biyun da suke cikin ma'anar, wato yanayi da lokaci. Famfon da ya kai 0.99 a awa 500 ba zai kai haka a awa 5,000 ba, kuma injin da aka gwada a ruwan sanyi ba lalle ne ya nuna hali ɗaya a ruwan zafi ba. Duk lambar amincin da aka faɗa ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba, ba ta da amfani.

Haɗin sarƙa

Jirgi ba ya tafiya da na'ura ɗaya. Kafin farfela ta juya, dole mai ya fito daga tanki, famfo ya tura shi, matata ta tace shi, bawul ya buɗe, inji ya ƙona shi, giya ta rage gudu, sandar ƙarfe ta kai juyin ga farfela. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, duka sun tsaya. Irin wannan tsari shi ake kira haɗin sarƙa, domin sarƙa tana tsinkewa da zarar zobe ɗaya ya balle.

Ƙa'idar lissafinsa ita ce a ninka amincin sassan da juna. Idan sassa biyu ne, kowane 0.99, amincin tsarin shi ne 0.99 sau 0.99, wato kimanin 0.98. Idan sassan sun kai 10, ya sauko zuwa 0.904. Idan 50 ne, 0.605. Idan kuwa sun kai 100, abin da ya rage 0.366 ne kawai. Ke nan tsarin da aka haɗa da sassa 100 masu kyau, waɗanda kowannensu sau ɗaya tak yake kasawa cikin ɗari, zai fi yawan kasawa a kan yin aiki. Darasi na farko ke nan: duk sashen da aka ƙara a sarƙa, komai kyansa, rage aminci yake yi. Kwamfutar da aka sa tsakanin matuƙi da inji ita ma zobe ce a wannan sarƙa.

Haɗin ko-ta-kwana

Maganin wannan matsala shi ne a tanadi na ko-ta-kwana, wato a sa na'ura biyu ko fiye a kan aiki ɗaya, yadda idan ɗaya ta tsaya ɗaya za ta ci gaba. A nan yiwuwar kasawa ake ninkawa. A ɗauki janareto mai aminci 0.9, yiwuwar kasawarsa 0.1 ce. Kafin biyu su kasa tare, yiwuwar ita ce 0.1 sau 0.1, wato 0.01, saboda haka amincinsu a haɗe ya zama 0.99. Uku za su ba da 0.999, huɗu kuma 0.9999. Wannan ne dalilin da ya sa jiragen yaƙi suke da injuna fiye da ɗaya, da janareto fiye da ɗaya, da wurin sarrafa sitiyari na biyu a can bayan jirgi.

Sai dai wannan lissafi mai daɗi yana tsaye ne bisa sharuɗɗa biyu. Na farko, dole na ko-ta-kwanan ya iya ɗaukar nauyin aikin. Rundunar sojan ruwan Birtaniya ta ga misalin haka a jiragenta shida samfurin Type 45, waɗanda suka shiga aiki tsakanin 2009 da 2013. A waɗannan jirage, wutar lantarki ɗaya ce take juya farfela, take kuma ciyar da makamai da na'urorin hange. Manyan injuna biyu samfurin WR-21 ne suke samar da mafi yawanta, tare da ƙananan janaretocin dizal biyu. An sami aibi a sashen sanyaya iska na manyan injunan, abin kuma ya fi tsanani a ruwa mai zafi irin na Tekun Fasha. Idan babban inji ya tsaya ba zato, nauyin yakan faɗa kan janaretocin da ba su isa ɗaukarsa ba, su ma su tsaya, jirgi ya shiga duhu gaba ɗaya. Gyaran da aka ba da kwangilarsa a 2018 shi ne a cire janareto biyun a sa uku waɗanda suka fi su ƙarfi.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko muhimmanci: dole na'urorin su kasance ba su dogara da abu ɗaya ba. Janareto huɗu masu shan mai daga tanki ɗaya za su mutu tare ranar da ruwa ya shiga tankin. Irin wannan wuri guda wanda mutuwarsa take kashe tsari baki ɗaya za mu kira shi makasa, kamar yadda mafarauci yake kiran wurin da kibiya ɗaya take kayar da dabba.

Abin da ya faru a cikin Yorktown

Jirgin Yorktown ya shiga aiki a 1984 da injuna huɗu samfurin LM2500, irin waɗanda aka samo daga injin jirgin sama, masu juya farfela biyu. Ta fuskar ƙarfe, an yi masa tanadi mai kyau. A 1996 rundunar ta zaɓe shi domin gwada wani shiri na rage yawan ma'aikata ta hanyar miƙa wa kwamfuta wasu ayyuka. Aka kafa kwamfutoci 27 masu aiki da manhajar Windows NT 4.0, aka haɗa su da wayar gilashi, aka ɗora musu lura da injuna da sarrafa mai da taimaka wa matuƙa. An yi ƙiyasin shirin zai rage ma'aikata da kashi 10 cikin 100, ya kuma rage kashe kuɗi da dala miliyan 2.8 a shekara.

Sifilin da ma'aikacin ya shigar ya faɗa cikin wani lissafi da manhajar rumbun bayanai take yi, inda ta yi ƙoƙarin raba wata lamba da shi. Ɗalibai sun san cewa 12 a raba da 3 ya ba da 4 ne domin 4 sau 3 ya ba da 12. To 12 a raba da 0 fa? Ana neman lambar da idan aka ninka ta da 0 za ta ba da 12, alhali kowace lamba aka ninka da 0, sifili take bayarwa. Ke nan babu amsa. Idan kwamfuta ta ci karo da irin wannan, takan ɗaga alamar kuskure, kuma aikin wanda ya rubuta manhaja ne ya tanadi abin da za a yi. Mafi sauƙi shi ne manhajar ta duba lambar tun a bakin ƙofa, ta ƙi karɓar sifili, ta nemi a sake shigar da wata. A Yorktown ba a yi wannan tanadi ba. Manhajar ta faɗi, faɗuwar ta bi waya ta kayar da sauran kwamfutocin, aka rasa ikon sarrafa injunan.

Bayan labarin ya fito a jaridu a 1998, an yi ta muhawara a kan ko laifin Windows NT ne ko na manhajar da aka ɗora a kanta. Ga mai nazarin aminci, tsarin haɗin ya fi wannan muhawara muhimmanci. A ƙaddara kowane inji yana da aminci 0.9, huɗun a haɗe sun ba da 0.9999. A ƙaddara kuma tsarin kwamfutar da yake sarrafa su duka yana da 0.95. Tun da yake a sarƙa yake da su, sai a ninka: 0.9999 sau 0.95 ya ba da kimanin 0.95. Waɗannan lambobi na misali ne, amma abin da suke nunawa gaskiya ne: amfanin injuna huɗu ya zube, domin duk sun rataya a makasa ɗaya. An yi wa jirgin ritaya a 2004, amma har yau ana kawo labarinsa a darussan rubuta manhaja.

Daga kuskure zuwa mugun nufi

Ma'aikacin Yorktown kuskure ya yi. Amma abin da kuskure ya iya yi, mai mugun nufi ma zai iya yinsa, kuma shi zai zaɓi lokacin da ya fi muni. A nan ne fannin aminci ya haɗu da fannin tsaron kwamfuta. Akwai bambanci guda da ya wajaba a fahimta. Lissafin da aka yi a sama yana ɗaukar cewa lalacewa tana zuwa ne da ka, kamar tsatsa ko gajiyar ƙarfe. Mai kutse kuwa yana nazarin tsari ne, ya nemo makasa, ya nufe ta kai tsaye. Idan kwamfutoci goma na ko-ta-kwana suna da manhaja iri ɗaya mai aibi iri ɗaya, a wurinsa kwamfuta ɗaya ce.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. A watan Oktoba na 2018, ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a kan gwaje-gwajen da aka yi wa sababbin makaman ƙasar tsakanin 2012 da 2017. An sa ƙwararru su yi kamar abokan gaba, su gwada kutsawa. A wani gwaji, mutum biyu kacal sun shiga tsarin wani makami cikin awa ɗaya, suka mallake shi gaba ɗaya cikin yini ɗaya. A wani kuma, an canki kalmar sirrin mai kula da tsarin cikin daƙiƙa 9. Wasu na'urorin an bar su da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, wadda kowa zai iya nemowa a intanet. Tsagar da aka samu a bangon ta sakaci ce, kuma kayan aikin da aka shiga da su masu sauƙi ne.

Darasin kamfanin Maersk

Misali mafi bayyana na mutuwar na'urorin ko-ta-kwana a lokaci guda ya fito ne daga jiragen kasuwanci. Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta bazu daga ƙasar Yukren ta hanyar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc. Tana shiga kwamfuta, sai ta lalata bayanan da suke ciki yadda ba za su dawo ba, ta tsallaka zuwa ta gaba. Gwamnatocin Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha a watan Fabrairu na 2018, Rasha kuwa ta musanta.

Cikin waɗanda abin ya shafa har da Maersk na ƙasar Denmak, wanda a lokacin shi ne kamfanin jigilar kwantena mafi girma a duniya. Jiragensa sun ci gaba da tafiya a teku, amma kwamfutocin ofisoshi sun mutu, aiki ya tsaya a 17 daga cikin tashoshin ruwa 76 da yake gudanarwa. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci wajen 150 a sassan duniya masu riƙe da rajistar ma'aikata da kalmomin sirri da izinin kowa, waɗanda idan babu su ba a iya sake gina komai. Kowace tana kwafar bayanan 'yar'uwarta, saboda haka aka ɗauka kowace madadin sauran ce. Da yake duk a haɗe suke, cutar ta share su tare.

Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, guda ɗaya ce ta tsira, a wani ofishin kamfanin a ƙasar Gana, domin an ɗauke wuta kafin harin, ta yanke daga sauran. Layin intanet na ofishin bai da saurin aika bayanan, ma'aikatan wurin kuma ba su da bizar Birtaniya, inda aka kafa cibiyar gyara. Sai wani ya ɗauko faifan ajiyar ya kawo Nijeriya, ya miƙa wa wani ma'aikacin a filin jirgin sama, shi kuma ya tashi da shi zuwa Landan. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a Janairun 2018 cewa sun sake ɗora manhaja a manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana 10, an kuma yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya cece su shi ne kwafi guda da ya rabu da sauran, kuma sa'a ce ta raba shi. Aikin injiniya shi ne ya yi wannan rabuwa da gangan.

Yaudarar na'urar nuna wuri

Akwai harin da ba ya kashe na'ura, sai dai ya sa ta yi ƙarya. Jiragen ruwa na yau suna sanin inda suke ta hanyar tsarin GPS, wanda taurarin ɗan'adam masu shawagi a nisan kilomita wajen 20,200 suke aiko wa saƙo. Kafin saƙon ya iso doron ƙasa ya yi rauni ƙwarai, don haka ƙaramar na'urar watsa saƙo da take kusa tana iya danne shi ko ta kwaikwaye shi. A 2013, Farfesa Todd Humphreys na Jami'ar Tekzas da ɗalibansa sun gwada haka, da izinin masu shi, a kan wani jirgin shaƙatawa mai suna White Rose of Drachs a Bahar Rum. Sun karkatar da shi daga hanyarsa sannu a hankali, alhali allon matuƙa yana nuna layi miƙaƙƙe. A watan Yuni na 2017 kuma, jirage wajen 20 a Bahar Aswad sun ba da rahoton cewa na'urorinsu suna nuna su a kan tudu, kusa da wani filin jirgin sama na Rasha.

Sa na'urar GPS ta biyu ba ya maganin wannan, domin duka biyun ƙarya ɗaya za su ji. Madadi na gaskiya shi ne hanyar da ba ta da alaƙa da ta farko. Kwalejin horar da hafsoshin sojan ruwan Amurka da take Annapolis ta dawo da koyar da gano wuri ta hanyar auna tsayin rana da taurari a 2015, bayan ta yi shekaru da barinsa. Wannan hanya ba ta kai GPS daidaito ba, amma babu mai iya aiko wa tauraron sama saƙon ƙarya.

Mutum ma zobe ne a sarƙa

Da asubahin 21 ga Agusta, 2017, jirgin yaƙin Amurka John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai Alnic MC a kusa da mashigin ruwan Singafo, sojoji 10 suka rasu. Da farko wasu sun yi zargin kutse, amma binciken rundunar bai sami alamarsa ba. Abin da aka gano shi ne, ana sarrafa sitiyari da gudun injuna ne ta allon taɓawa, ana kuma iya mayar da iko daga wannan kujera zuwa waccan. Kwamandan ya ba da umarnin a raba aikin tsakanin mutum biyu. Wajen yin haka, ikon sitiyarin ma ya koma ɗaya kujerar ba tare da an lura ba, matuƙin ya zaci sitiyari ya mutu. Da aka ce a rage gudu, farfela ɗaya kawai aka rage, jirgin ya karkata hagu ya shiga gaban jirgin man.

Babu na'urar da ta lalace a wannan hatsari. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, a rahotonta na 2019, ta ambaci ƙarancin horo da gajiyar ma'aikata da rikitarwar tsarin allon. A shekarar ce rundunar ta ba da sanarwar za ta mayar da sandunan sarrafa gudu na hannu a irin waɗannan jirage. Abin lura ga mai nazarin tsaro shi ne, ma'aikatan da suka rikice alhali na'urarsu lafiya lau take, rikicewarsu za ta fi haka ranar da wani ya sa allon ya yi musu ƙarya da gangan.

Matakan shiri

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da matakai biyar. Na farko, a zana taswirar tsari, a bi kowane sashe ana tambayar abin da zai mutu tare da shi, har a gano makasa. Na biyu, a rarraba hanyoyin sadarwar kwamfuta kamar yadda ake rarraba cikin jirgi da bangaye masu hana ruwa wucewa, yadda ɓulewar ɗaki ɗaya ba za ta nutsar da jirgi ba. Kwamfutar da ma'aikata suke karanta wasiƙa a kanta kada ta sami hanyar isa ga wadda take sarrafa inji. Na uku, kowace manhaja ta binciki abin da aka shigar mata kafin ta yi aiki da shi, a sauya kalmomin sirrin masana'anta, a kuma toshe aibin da aka gano ba da jinkiri ba. Na huɗu, a ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da komai, a kuma bar hanyar sarrafa inji da sitiyari da hannu. Na biyar, a riƙa atisayen yin aiki babu kwamfuta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyar ma yana da lissafinsa. Idan na'ura takan yi awa 990 tana aiki kafin ta tsaya, gyaranta kuma yakan ci awa 10, to tana cikin shiri awa 990 cikin kowace 1,000, wato kashi 99 cikin 100. Idan gyaran ya koma cin awa 110, shirin ya sauko zuwa 990 cikin 1,100, wato kashi 90, alhali na'urar ba ta sauya ba. Ke nan saurin farfaɗowa rabin shiri ne, kuma horo ne yake kawo shi.

Hukumomin duniya sun fara mayar da waɗannan matakai doka. A watan Yuni na 2017, Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, mai hedikwata a Landan, wadda Nijeriya da Gana suke cikin mambobinta, ta zartar da ƙudurin cewa daga shekarar 2021 kamfanonin jiragen kasuwanci su shigar da haɗarin kutse cikin tsarinsu na kiyaye lafiyar jirgi, a jere da gobara da karo da nutsewa.

Kammalawa

An ga cewa haɗin sarƙa yana rage aminci, haɗin ko-ta-kwana yana ƙara shi, amma sai idan madadin ya isa ɗaukar nauyi kuma bai rataya a abu ɗaya da na farko ba. An kuma ga cewa kwamfuta, duk da sauƙin da ta kawo, tana iya ɗaure sassan da a da suke rabe, ta mayar da su makasa guda, wadda kuskure ko mai kutse zai iya samu. Ɗalibin da ya riƙe wannan lissafi zai iya amfani da shi a kan wutar asibiti, da famfon ruwan gari, da rumbun sakamakon jarrabawa na makarantarsa.

Aikin aji

Malam ya tanadi ƙwan tocila uku da batir da waya. A fara haɗa ƙwayayen a jere, a cire ɗaya, ɗalibai su rubuta abin da suka gani. A sake haɗa su kowane da reshensa, a cire ɗaya. Daga nan a bar ƙwayayen, a cire batirin. A nemi ɗalibai su nuna makasar wannan haɗi na biyu, su kuma zana yadda za a kawar da ita.

Tambayoyi

1. Wani tsari yana da sassa 20 a haɗin sarƙa, kowane da aminci 0.98. Nemo amincin tsarin.

2. Janareto nawa masu aminci 0.8 ake bukata a haɗin ko-ta-kwana kafin aminci ya wuce 0.99?

3. Famfo yakan yi awa 480 kafin ya tsaya, gyaransa kuma yakan ci awa 20. Kashi nawa cikin 100 na lokaci yake cikin shiri?

4. Bayyana dalilin da ya sa kwamfutoci 150 na Maersk ba su ba da kariyar da lissafin ko-ta-kwana ya yi alkawari ba.

5. Makaranta tana ajiye sakamakon jarrabawa a kwamfutoci biyu da suke ofis ɗaya, a haɗe da juna. Kawo abubuwa uku da za su iya lalata su tare, da maganin kowane.

Amsoshi domin malamai: ta 1, kimanin 0.668, ta 2, janareto 3, waɗanda suke ba da 0.992, ta 3, kashi 96.